Uwar Mijina da Buhunan Alkama

Uwar mijina ba ta wurin aka zaɓe ta. Ranar da zumuntar mata ta majami'armu ta zauna zaɓen shugaba, ita tana can layin famfo a Zango da tulunta, tana cacar baki da wani ɗan garuwa da ya so ya shiga gabanta. Ni ce na je taron. Ina amarya a lokacin, ban daɗe da zuwa Zinder daga Mirriya ba, don haka na zauna can baya inda marasa ta cewa ke zama.

Shekarar fari ce, zamanin soja. Gero bai yi ba, dawa ba ta yi ba, gyaɗa kuwa ko zancenta ba a yi. Mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa, suna kafa bukkokin kara da tsumma a bayan gari. Majami'armu ƙarama ce, yawancinmu malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa. Sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke wa fasto buhunan taimako, aka ce mata su dafa su ciyar da matan da suka yi gudun yunwa da yaransu. Nan take kujerar shugabar zumunta, wadda a da ba mai so don ba komai cikinta sai sharar majami'a da raba faɗa, ta zama abin nema.

Mata biyu suka fito. Ɗaya matar fasto ce, mai murya irin wadda in ta yi raɗa a ɗaki ana jinta a titi. Ɗayar kuma shugabar wata lakwal ce, kowa Madam yake ce mata, tana sa tabarau da takalmi mai tsini, in ranta ya ɓaci sai Hausa ta ƙare mata ta koma Faransanci. Aka ɗaga hannu, mata suka rabu biyu. Aka sake ɗagawa, aka sake rabuwa. Rana ta yi tsaka, yara suka fara kuka a bayan iyayensu. Sai wata tsohuwa da ƙafarta ta sage ta ce, "Ni dai a ba wadda ba ta nan. Duk wadda ke cikin ɗakin nan ta riga ta ɓata da rabinmu."

Aka duba wa ba ta nan. Uwar mijina ce. Matar fasto ta yarda don kada Madam ta samu, Madam ta yarda don kada matar fasto ta samu. Aka juyo gaba ɗaya aka dube ni, aka ce in kai saƙo.

Na same ta a ƙofar gida tana sauke tulu. Gajeriya ce mai faɗi, mijinta ya daɗe da rasuwa, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, fari kuma ya kashe sana'ar. 'Yar wani ƙauye ce ta wajen Gaffati, uwarta Babarbariya. Ita kaɗai ce Kirista a danginta, 'yan'uwanta in sun zo birni a zaurenta suke salla, ita ke ajiye musu buta. Ba ta karatu. Waƙoƙin majami'a duk ta haddace su, sai dai kowace waƙa da murya guda take rera ta.

Na durƙusa na ce, "Inna, an ba ki shugabancin zumunta."

Ta ce, "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Inna. Zaɓe aka yi."

Ta tsaya tana kallona, gammo na kanta. "To me na yi musu?"

Na faɗa mata yadda aka yi, ban ɓoye komai ba. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce, "Ashe rashin zuwa taro ma laifi ne. Kawo min ruwa in sha, 'yata, mu je mu ga buhunan nan."

Da aka farke buhun farko sai muka leƙa ciki. Ba gero ba ne, ba dawa ba, ba shinkafa ba. Wata ɓarzajjiyar alkama ce, ja-ja, kamar tsakuwar bakin hanya. Aka miƙa wa Madam ta karanta abin da ke jikin buhun. Ta gyara tabarau, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce, "Wannan ba Faransanci ba ne," da murya irin ta wadda buhu ya yi wa rashin kunya. Matar fasto ta ce tuwo za a tuƙa, don mai yunwa tuwo yake so. Madam ta ce kunu, don cikin da ya daɗe ba komai ba ya ɗaukar nauyi. Inna ta saurari kowace, ta ce a yi tuwo.

Tukunyarmu rabin tano ce, wato gangar ƙarfe da maƙeri ya raba biyu. Muka daka, muka tankaɗe abin da ya tankaɗu, muka tuƙa. Tun ana tuƙawa da hannu ɗaya har aka koma mata biyu a muciya guda. Daga nan muciyar ta tsaya cak a tsakiyar tuwon, aka sake ta, ba ta faɗi ba. Muka kewaye tano muna kallonta kamar an dasa itace.

Inna ta ce ba ɗan wanda za a ba abin nan sai ta ɗanɗana. Aka yanko mata da wuƙa. Ta zauna bisa turmi ta sa a baki, ta fara tauna. Muna jira. Ta ci gaba da tauna. Matar fasto ta ce, "Yaya, Inna?" Ta ɗaga mata hannu, alamar a dakata. Can sai ta sa yatsu biyu a baki ta fito da wani abu ta ɗora a tafin hannu. Haƙori ne.

Ta dube shi da kyau, ta ce, "Haƙorin nan ya daɗe yana hana ni sakat, ɗana da ke aikin asibiti ya kasa min komai. To tuwon nan magani ne. Amma ba abinci ba ne."

Mata suka faɗi ƙasa don dariya. Matar fasto kaɗai ba ta yi ba, don shawararta ce. Madam ta gyara tsayuwa ta fara, "Ai tun farko na ce..." Inna ta tare ta, bakinta da ɗan jini. "Ni na ce a tuƙa. Ita shawara ta bayar, ke ma shawara kika bayar, ni na zaɓa, na zaɓi wadda ba daidai ba. Gobe ke za ki tsaya kan tano ki nuna mana kununki." Madam ta buɗe baki, ta rasa da wa za ta yi faɗa, ta rufe. Tuwon kuma ba a zubar ba, don ba shekarar zubar da abinci ba ce. Muka yayyanka shi muka shanya a rana, ya bushe, muka sake dakawa.

Kunun Madam ya yi kyau, gaskiya. Da ɗan tsamiya da madarar gari da ta zo tare da buhunan, sai ƙamshi. Muka shimfiɗa tabarmi a harabar majami'a, matar fasto ta jera 'yan waƙa don su tarbi baƙi. Muka aika bayan gari. Ba wadda ta zo. Aka rera waƙa ta farko, aka rera ta biyu, kunu ya yi fata a sama. Abin da ya shigo kawai akuyar maƙwabta ce.

Inna ta yafa gyale ta ce in bi ta. Muka tafi bukkokin. Ban taɓa ganin irin wannan ba: mata zaune a inuwar da ba ta kai ta rufe su ba, yara masu jan gashi da kumburarren ciki, ba mai ko ƙarfin korar ƙuda. Inna ba ta ce musu ku zo ku ci ba. Ta zauna a ƙasa, ta gaishe su, ta tambayi garin kowace. A nan muka tarar da yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, ta zo daga Gaffati da jikokinta, ta ƙi sauka gidanmu don kada ta ƙara mana nauyi. Inna ta yi mata faɗa, ita ma ta rama. Da suka gama, yayar ta faɗa mata gaskiya: labari ya bazu cewa duk wadda ta sha kunun majami'a ta bar addininta, kuma an ce har da man alade a ciki.

Daga can gidan fasto muka wuce. Inna ta ce tano zai bar majami'a. Fasto mutumin kirki ne, amma ya ce ai abincin da sunan ekilisiya ya zo, ya kamata mutane su san daga ina yake.

Inna ta ce, "Baba fasto, da kunu na mai da mutum Kirista, da ba ka sha wahalar wa'azi duk shekarun nan ba. Da dama shi kawai za ka riƙa yi. Su ba su san haka ba, tsoro suke ji. Yaran kuma ba za su jira mu gama fahimtar juna ba."

Fasto ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce ta yi yadda ta gani. Ta je wurin limamin unguwa, wanda matarsa ke sayen mai a wurinta tun da daɗewa, ta kai masa alkamar ɗanya da madarar a kwano ya duba da idonsa. Ya shinshina, ya ɗanɗana, ya ce zai faɗa a masallaci. Washegari muka mirgina tano har gindin wata tsamiya kusa da bukkokin. Inna ta ɗauki babban ludayi ta danƙa wa yayarta a gaban kowa. Yayar ta yi bisimilla da ƙarfi ta fara zubawa. Matar fasto, da ta ga haka, ita ma ta yi tata addu'ar daga ɗaya gefen tanon, da ɗan ƙarfi fiye da na yayar. Haka suka riƙa yi kullum, kowace na ƙara murya, har yara suka saba: sai an ji amin biyu ake miƙa kwano.

Mutane suka yi yawa, sai itace da ruwa suka zama matsala. Ruwan Zinder ko a shekarar damina wahala ne, balle a wannan. A nan na ga abin da Inna ta iya. Ta kira matar fasto gefe ta ce, "Allah ya ba ki murya, ni kuma ba ni da ita. Ki bi gida-gida ki samo mana itace." Matar fasto ta shiga gari. Ba ta roƙo, tsayawa take a zaure ta yi ta bayani, ba ta tafiya sai an ba ta wani abu. Mutane suka riƙa miƙo tsohuwar ƙyaure da karyayyen gado tun tana nesa, don su samu su yi barcin rana. Madam kuma Inna ta ce mata, "Ni in na shiga buro, ofishin hukuma, neman ruwa, mai gadi ma ba zai bar ni in wuce ba. Ke kuwa rabin masu zama a ciki ke kika koya musu karatu." Madam ta sa takalminta mai tsini ta tafi. An ce da ta shiga, babban ma'aikacin ya miƙe tsaye ya haɗa hannu a ƙirji kamar ɗan aji. Motar ruwa ta fara biyowa ta gindin tsamiya. Kowace cikin su biyun ta tabbata a ranta cewa ita ce ke riƙe da aikin, Inna kuma ba ta taɓa musa wa ko ɗaya ba.

Akwai wasu matan Fulani da shanunsu suka ƙare. Kullum suna zuwa su tsaya can nesa, ba su matsowa, ba su tafiya. Mun kira, mun yafito, sai su sunkuyar da kai. Kunya ba ta barin su ci a gaban jama'a. Inna ta lura da su, ta ɗaure zane ta nufe su tana ɗaga murya. Ka san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, kowa na cewa ɗayan bawansa ne.

Ta ce, "Kai, ga bayin uwata sun zo! Wa ya ce ku tsaya a nan kamar sanduna? Haka ake gaida uwargijiya?"

Na ce a raina yau za a yi ta. Sai wata tsohuwa a cikinsu, siririya kamar kara, ta ɗago kai ta dubi tsagen fuskar Inna, ta ce, "Babarbariya ce ashe. Shi ya sa kunun ke warin hayaƙi. Tun yaushe baiwa ke kiran iyayen gidanta da ihu?"

Suka yi ta yi, matan suna rufe baki suna dariya. Inna ta dawo ta sa muka kafa zana biyu bayan tsamiyar, inda ido ba ya kaiwa. Ita da kanta take kai musu ƙwarya, ta ajiye, ta juya baya ta tafi tana zaginsu. Ƙwaryar a wanke take dawowa.

Ba kullum ake dariya ba. Wata rana da hantsi wata yarinyar mace tana cikin layi da ɗanta a hannu, ta zo gaban tano ta miƙa kwano, sai yayar Inna ta dubi yaron ta ajiye ludayi. Ya riga ya cika, uwar ba ta sani ba. Inna ta cire sabon gyalenta ta bayar aka rufe shi, aka kira maza. Na ga ta zaga bayan tarin itace ta daɗe. Da ta fito idonta jajir. Layi ya tsaya. Ta ɗauki ludayin ta sa min a hannu ta ce, "Zuba, 'yata. Na baya ba su sha ba." Ranar ba ta tsokani kowa ba, ta kuma zauna da uwar yaron har la'asar.

Rigimar da ta kusa raba mu daga cikinmu ta fito. Madam ta kama wata 'yar zumuntarmu da alkama ƙulle a bakin zane. Gwauruwa ce mai yara, mai shiru-shiru, ita ke zuwa kafin kowa ta hura wuta. Madam ta koma Faransanci, matar fasto ta ce a kai maganar gaban ekilisiya ranar Lahadi. A karon farko bakinsu ya zo ɗaya. Matar tana tsaye, kanta ƙasa.

Inna ta ce kowa ta zauna. Sannan ta ce, "Mun zo bayan gari muna tambayar baƙi me suka ci. A cikinmu akwai wadda na taɓa tambaya? Ban tambaya ba. Daga yau duk wadda ta yi aiki a tanon nan za ta tafi gida da kwano guda. Kowa da kowa."

Madam ta ce ita ba ta bukata, tana da albashi.

Inna ta ce, "Na sani. Shi ya sa ke za ki fara ɗauka. In masu bukata kaɗai suka ɗauka, gari zai san ko su wane ne. Ki kai gida, ki ba wanda kika ga dama."

Ranar mutanen Zinder suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Madam da tabarau da takalmi mai tsini, kwanon kunu a ka, tana taka rairayi a hankali, matar fasto na biye da nata, mu kuma a baya jere kamar masu kai kayan biki. 'Yan lakwal ɗinta suka tsaya bakin hanya baki buɗe. Ta harare su ta cikin tabarau ba tare da ta juya wuya ba, don kada kunu ya zube. Maganar Lahadi kuwa ba a sake tayar da ita ba. Gwauruwar ta ci gaba da hura mana wuta.

Mijina ya sha tambayata a lokacin me uwarsa ke yi da har mata ke bin ta haka, alhali a gida ko kaji ba sa jin maganarta. Ba wa'azi take ba, ba ta fi kowa sani ba, ta kan yi kuskure. Ni dai abin da na gani, in abu ya ɓaci tana cewa nata ne tun kafin a fara neman mai laifi, in ya yi kyau kuma sai ka neme ta ka rasa, tana can tana kankare gindin tano. Kuma ba ta jin kunyar a yi mata dariya.

Ruwan farko da rana tsaka ya zo, kunu na kan wuta. Hadari ya taso daga gabas, iska ta kwashe zanar Fulani ta yi gaba da ita. Da ɗigon farko ya sauka mata suka saki kwanoni suka yi ta guɗa, yara suka tuɓe suna tsalle, matar fasto da yayar Inna suka rungume juna kowace na gode wa Allah da irin nata bakin. Inna kaɗai ke gudu tana ihu, "Itace! Ku rufe itace!" Ba wanda ya saurare ta. Ta tsaya cikin ruwan, ta dube mu, ta jefar da buhun da ke hannunta ita ma ta shiga rawa. Rawarta ba ta fi waƙarta ba.

Bayan haka bukkoki suka fara raguwa, kowa na sauri ya koma gona. Yayar Inna ta ce za ta tafi, amma ba ta da mai taya ta shuka, mazan gidan duk sun tafi kudu neman abinci. Inna ta ce za ta bi ta. Saura tsofaffi da marasa lafiya a bayan gari, da sauran buhuna a ɗakin ajiya, sai tambaya ta taso wa za a bar wa aikin. Madam ta gyara tabarau, matar fasto ta gyara murya.

Inna ta aike ni kasuwa na sayo kwaɗo biyu. Ta maƙala su duka a ƙofar ɗakin, ta ba Madam mabuɗin ɗaya, ta ba matar fasto na ɗayan. Ta ce, "Ƙofar nan ba ta buɗuwa sai kun zo tare. In kun yi faɗa, ku je bayan gari ku faɗa wa tsofaffin can dalilin da ya sa yau ba kunu."

Muka raka su tashar motocin Mirriya, daga can za su ƙarasa a ƙasa. Inna ta shiga ta matse tsakanin yayarta da wani mai kaji, ƙullin irin gero da ta samo a cinyarta. Motar ta tashi, ta leƙo ta taga ta ƙwala min kira. Na bi motar da gudu, na zaci wani babban saƙo ne na zumunta.

Ta ce, "Kada ki bar ɗana ya riƙa cin abinci a tsaye! Kuma ki tara ruwan indararo!"